Ƙarin mahaifa da maganin rashin haihuwa

Ƙarin mahaifa, wanda a asibiti ake kira faibroid, tsiro ne da ke fitowa daga tsokar bangon mahaifa. Ba ciwon daji ba ne, kuma shi ne tsiron da aka fi samu a jikin mata masu shekarun haihuwa. Yawancin matan da ke da shi suna ɗaukar ciki su haihu lafiya, wasu ma ba su taɓa sanin suna ɗauke da shi ba. Ga wasu kuwa yakan hana ciki zama, ko ya rage nasarar maganin da ake yi musu na neman haihuwa, har da dashen ɗan tayi da aka fi sani da IVF. Binciken da aka tara ya nuna cewa wurin da ƙarin ya fito a mahaifa shi ne babban abin da ke nuna ko zai yi illa ga haihuwa, fiye da girmansa ko yawansa. A kan haka likitoci ke yanke shawarar wanda za a cire da wanda za a bari.

Yadda yake samuwa

Kowane ƙari yana farawa ne daga ƙwayar tsoka guda ɗaya da ta shiga hayayyafa fiye da kima, har ta zama dunƙule mai tauri. Wani bai wuce ƙwayar gero ba, wani ya kai lemo, wani kuma yakan cika mara har a ɗauka mace tana da cikin wata shida ko bakwai. Sinadaran jikin mace guda biyu, istrojin da furojestaron, su ne ke ciyar da shi. Shi ya sa ba a ganinsa kafin balaga, kuma yakan motse bayan mace ta daina al'ada. A 2011 masu bincike a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland sun gano canji a wata ƙwayar gado mai suna MED12 a kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarin da suka duba.

Matan Afirka da zuriyarsu sun fi sauran mata samunsa, kuma yakan fito musu da wuri, ya yi yawa, ya yi girma. Wani bincike da Donna Baird da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2003 ya ƙiyasta cewa kafin shekara 50, fiye da kashi 80 cikin 100 na mata baƙar fata sun samu ƙarin, fararen fata kuma kusan kashi 70. Sauran abubuwan da ke ƙara yiwuwar samunsa sun haɗa da gado, fara al'ada da wuri, ƙiba, da rashin haihuwa ko daɗewa ba a haihu ba.

Alamominsa sun haɗa da zubar jinin al'ada mai yawa ko mai daɗewa, ciwon mara, kumburin ciki, yawan fitsari, taurin bayan gida, da ƙarancin jini. A ƙasar Hausa wani lokaci ana ɗaukar babban ƙari a matsayin kwantaccen ciki, a yi ta jiran ya tashi shekara da shekaru. Gwajin ciki da sikanin suna raba gardama a rana ɗaya.

Rabe-rabensa bisa wurin da ya fito

Mahaifa tana da sassa uku: shimfiɗar ciki, inda ɗan tayi ke maƙalewa, wadda kuma ita ce ke zubewa a lokacin al'ada, tsokar bango mai kauri, da siririyar fatar da ta lulluɓe ta daga waje. Ana raba ƙari gida uku bisa wannan tsari. Akwai na ƙarƙashin shimfiɗa, wanda ya turo kai cikin kogon mahaifa. Akwai na cikin bango, wanda tsoka ta kewaye shi. Akwai kuma na waje, wanda ya turo zuwa cikin mara, wani lokaci yana reto a kan ɗan siririn wuya.

A 2011 ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta duniya, FIGO, ta fitar da tsarin lambobi daga 0 zuwa 8 domin likitoci su riƙa magana da murya ɗaya. Lamba 0 ita ce ƙarin da ke cikin kogo gaba ɗaya. 1 da 2 sun shiga kogo amma wani sashensu na cikin bango. 3 yana cikin bango amma yana taɓa shimfiɗa. 4 yana tsakiyar bango. 5 zuwa 7 na waje ne. 8 kuma shi ne wanda ya fito a wani wuri dabam, kamar bakin mahaifa. Waɗanda ke da ƙananan lambobi su ne suka fi kusa da wurin da ciki ke zama, don haka su ne suka fi zama abin damuwa ga mai neman haihuwa.

Hanyoyin da yake hana ciki

Ƙarin da ya shiga kogo yana canza siffar wurin, ya miƙar da shimfiɗar da ke kansa har ta yi siriri, ya kuma dagula gudun jini zuwa gare ta. Yana haddasa kumburi a shimfiɗar, wanda ke sa ta ƙi karɓar ɗan tayi. Binciken da Beth Rackow da Hugh Taylor suka wallafa a 2010 ya nuna cewa aikin ƙwayar gado mai suna HOXA10, wadda ake buƙata domin ɗan tayi ya maƙale, yana raguwa a duk faɗin shimfiɗar macen da ke da irin wannan ƙari, ba a saman ƙarin kaɗai ba.

Akwai wasu hanyoyin kuma. Ƙarin da ya fito a kusurwar mahaifa yana iya toshe bakin bututun da ƙwai ke bi. Wanda ya fito a bakin mahaifa yana iya karkatar da hanyar da maniyyi ke shiga. Haka nan mahaifa tana da wani motsi na hankali da ke taimaka wa maniyyi hawa da ɗan tayi zama, kuma ƙarin cikin bango yana iya rikita wannan motsi.

Duk da haka, ana samun ƙari a kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na matan da ke fama da rashin haihuwa, amma a kashi 1 zuwa 3 kawai ake tabbatar da cewa shi kaɗai ne sanadi. Ganin ƙari a sikanin, saboda haka, bai isa hujjar cewa an gano dalilin rashin haihuwa ba.

Abin da bincike ya nuna a kan IVF

IVF hanya ce da ake ɗebo ƙwai daga jikin mace, a haɗa shi da maniyyin miji a ɗakin gwaji, sannan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa bayan kwana uku zuwa biyar. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya, Louise Brown, a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, sakamakon aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards. A Najeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie ne suka fara aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a shekarun 1980, sannan a watan Fabrairu na 1998 aka haifi jaririya ta IVF a asibitin Nisa Premier da ke Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada.

Da yake IVF ta tsallake matsalar bututu da ta haɗuwar ƙwai da maniyyi, ta ba masu bincike damar auna tasirin mahaifar ita kanta. A 2009 Elizabeth Pritts da William Parker da David Olive suka tattara binciken da aka yi kafin lokacin suka wallafa a mujallar Fertility and Sterility. Sun samu cewa ga mata masu ƙarin ƙarƙashin shimfiɗa, damar ɗaukar ciki da ta haihuwar ɗa mai rai ta ragu zuwa kimanin kashi ɗaya bisa uku na ta matan da ba su da ƙari, ɓari kuma ya ƙaru. Ƙarin waje bai nuna wata illa ba. Na cikin bango ya tsaya a tsakani.

A 2010 Sesh Kamal Sunkara da abokan aikinta suka mai da hankali ga ƙarin cikin bango wanda bai taɓa siffar kogo ba. Sun haɗa bincike 19 da suka ƙunshi zagayen IVF 6,087, suka samu raguwar kashi 15 cikin 100 a ɗaukar ciki da kashi 21 cikin 100 a haihuwar ɗa mai rai. Ma'anar wannan ita ce, idan a wata cibiya mata 30 cikin 100 ne ke haihuwa bayan zagaye ɗaya, za a sa ran kimanin 24 daga cikin masu irin wannan ƙari. Raguwa ce ta gaske, amma ba rufe ƙofa ba ce. Illar takan ƙaru idan ƙarin ya yi girma, ya yi yawa, ko ya matso kusa da shimfiɗa.

Batun ɓari kuwa akwai saɓani a kansa. Wani babban bincike a Amurka da Katherine Hartmann ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, ya bi mata 5,512 tun farkon cikinsu. Da aka yi la'akari da shekarunsu da sauran dalilai, ba a ga cewa ƙari ya ƙara haɗarin ɓari ba. Shekarun mace na da nauyi a nan, domin ƙari yana yawaita a daidai lokacin da ingancin ƙwai ke raguwa, wato bayan shekara 35, kuma yana da sauƙi a ɗora wa ƙari laifin da na shekaru ne.

Gwaje-gwaje kafin yanke shawara

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abu rashin haihuwa idan ma'aurata sun yi wata 12 suna saduwa ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai shiga ba. A rahotonta na Afrilu 2023 ta ce kimanin mutum ɗaya cikin shida na fuskantar haka a wani lokaci na rayuwarsa. Ga macen da ta haura shekara 35 ana ba da shawarar a fara bincike bayan wata shida.

Gwajin farko shi ne sikanin, musamman wanda ake yi ta farji, domin ya fi nuna kusancin ƙari da shimfiɗa. Idan ana shakka, ana zuba ruwan gishiri mai tsabta cikin mahaifa a sake sikanin, sai kogon ya buɗe a ga abin da ya turo. Akwai hoton HSG, wanda ake yi da wani ruwa mai bayyana a hoto domin a ga ko bututu a buɗe suke. Akwai kuma leƙen mahaifa da siririyar kyamara ta bakin mahaifa, wanda shi ne ya fi tabbatar da halin kogo. Hoton MRI yana taimakawa wajen ƙirga ƙari masu yawa da bambanta su da wata cuta mai kama da su, wadda shimfiɗa ke kutsawa cikin tsokar bango.

Ba a kammala bincike sai an gwada maniyyin miji, an tabbatar mace tana fitar da ƙwai, an kuma duba bututu. Wannan na da muhimmanci musamman a Afirka. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a mujallar The Lancet a 1985 ya nuna cewa a cibiyoyin Afirka, fiye da kashi 85 cikin 100 na matan da aka gano dalilin rashin haihuwarsu, dalilin yana da alaƙa da ƙwayoyin cuta, galibi toshewar bututu. Idan bututu a toshe suke, ko maniyyi ba shi da ƙarfi, cire ƙari shi kaɗai ba zai kawo ciki ba.

Magani ga mai neman haihuwa

Aikin da ake yi wa mai son haihuwa shi ne cire ƙarin a bar mahaifa. Likitan Ingila Victor Bonney (1872–1953) shi ne ya fi kowa yaɗa wannan aiki a farkon ƙarni na 20, bayan an cire wa matarsa mahaifa saboda ƙari shekaru kaɗan da aurensu, ba su kuma samu haihuwa ba. A yau ana yin aikin ta hanya uku: ta bakin mahaifa da kyamara ba tare da yanka ba, wanda ya dace da lamba 0 zuwa 2, ta ƙananan huji a ciki, ko ta buɗe ciki, wanda shi aka fi yi a Najeriya saboda girman ƙarin da mata ke zuwa da shi da kuma ƙarancin kayan aiki.

Hujjar amfanin aiki ta fi ƙarfi a kan ƙarin da ya shiga kogo. A wani gwaji da Maria Luisa Casini da abokan aikinta suka yi a Italiya da mata 181, aka wallafa a 2006, kashi 43 cikin 100 na masu ƙarin ƙarƙashin shimfiɗa da aka yi wa aiki sun samu ciki, idan aka kwatanta da kashi 27 na waɗanda ba a yi wa ba. Ga masu ƙarin cikin bango bambancin bai kai a dogara da shi ba. Jagorar da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka, ASRM, ta fitar a 2017 ta bi wannan layi: ta goyi bayan cire ƙarin da ya ɓata siffar kogo, ta kuma ce babu isasshiyar hujjar cire na waje domin haihuwa kawai.

Aikin yana da nasa haɗarin. Ana iya zubar da jini mai yawa har a buƙaci a ƙara wa mace jini, kuma a wasu lokuta ƙalilan likita kan cire mahaifar gaba ɗaya domin ceton rai. Tabon aiki kan sa hanji da bututu da mahaifa su manne wa juna, abin da shi kansa ke hana haihuwa. Ƙari yakan sake fitowa, musamman ga wadda aka cire wa da yawa. Idan an yanka bango sosai, ana ba mace shawarar ta jira wata uku zuwa shida kafin ɗaukar ciki, kuma sau da yawa ana tsara mata haihuwa ta tiyata saboda gudun fashewar mahaifa a lokacin naƙuda. Ga macen da shekarunta suka ja, wasu cibiyoyi kan fara ɗebo ƙwai su daskarar da 'yan tayi, sannan a yi aiki, a mayar da su bayan ta warke, domin kada jira ya cinye mata lokaci.

Magunguna suna rage jini ko girman ƙari, amma ba sa kawar da shi. Allurar da ke dakatar da al'ada na ɗan lokaci tana motsar da ƙari cikin wata uku, sai dai yakan dawo idan an daina, kuma ba a ɗaukar ciki ana kanta. Amfaninta shi ne gyara jinin mace kafin aiki. Maganin ulipristal, wanda aka yi amfani da shi a Turai, an dakatar da shi a 2020 sannan aka taƙaita amfaninsa saboda lahani ga hanta. Toshe jijiyoyin da ke kai wa ƙari jini, wanda Jacques Ravina ya bayyana a Faransa a 1995, yana rage alamomi, amma ba shi ake fara zaɓa wa mai neman ciki ba, domin yana iya taɓa shimfiɗa da ma'ajiyar ƙwai. Babu wani tsimi, sassaƙe ko maganin kanti da bincike ya tabbatar yana narkar da ƙari.

Halin da ake ciki a Kano da yankin Kura

Wani nazari da A. Omole-Ohonsi da F. Belga suka wallafa a 2012 ya duba mata 105 da aka yi wa aikin ƙari a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano daga 2003 zuwa 2007. Aikin ƙari ya kai kashi 24.7 cikin 100 na manyan ayyukan sashen mata. Matsakaicin shekarun matan kusan 36 ne, matsakaicin haihuwarsu kuma ya kusa biyar. An cire mahaifa a kashi 58.1, an cire ƙari kaɗai a kashi 41.9. Zubar jinin al'ada mai yawa ita ce ta kawo kashi 86.7 daga cikinsu, kuma an tarar da mannewar kayan ciki a kashi 67.6. Masu nazarin sun danganta yawan haihuwar matan da auren wuri, wanda ke sa da yawa su haifi 'ya'yansu kafin ƙarin ya yi ƙarfi.

Wannan ya bambanta da abin da aka saba gani a ƙasashen da ake jinkirta haihuwa. A Kano, mai ƙari sau da yawa uwa ce da haihuwa ta tsaya mata bayan ɗa ɗaya ko fiye. Yawan mannewar da aka gani kuma yana tunatar da cewa ƙari da lalacewar bututu na iya haɗuwa a jikin mace ɗaya.

Kura tana kimanin kilomita 30 daga birnin Kano a kan hanyar Zariya. Ita da Bunkure da Garun Malam su ne cibiyar shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, kuma hukumar kula da kogunan Haɗejiya da Jama'are ke gudanar da shi. Mata da yawa a yankin suna aikin turara shinkafa, tsinkar tumatir da sauran ayyukan gona masu buƙatar ƙarfi, waɗanda ƙarancin jini ke hana mace yi. Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na Najeriya na 2018 ya samu ƙarancin jini a kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Macen da ƙari ke zubar wa jini a kan wannan hali tana buƙatar a gyara jininta da sinadarin ƙarfe, ko a ƙara mata, kafin a yi maganar aiki ko ɗaukar ciki.

Akwai wani abin lura da ya shafi yankunan noman rani. Cutar tsargiya, wadda dodon koɗin da ke zaune a magudanan ruwa ke yaɗawa, ba fitsarin jini kaɗai take jawowa ba. Ƙwayayen tsutsar kan zauna a bakin mahaifa da bututu, su haddasa zubar jini, ciwon mara, toshewar bututu da rashin haihuwa. Alamominta na iya ɓuya a bayan na ƙari. Ga macen da ta tashi tana wanki, ɗiban ruwa ko aiki a bakin magudana, gwajin tsargiya yana cikin abin da ya kamata a haɗa, kuma maganinta, praziquantel, ba shi da tsada.

Mace daga Kura ko Bunkure kan fara ne da asibitin sha-ka-tafi ko Babban Asibitin Kura, daga nan a tura ta manyan asibitocin birni kamar na Malam Aminu Kano, na Murtala Muhammad, ko na Muhammad Abdullahi Wase. Cibiyoyin IVF a Najeriya sun fi yawa a Legas da Abuja, mafi yawansu masu zaman kansu ne, kuma galibi ma'aurata ne ke biya daga aljihunsu. Ga iyalin manomi, kuɗin zagaye ɗaya kan iya zama kuɗin amfanin gona na shekara ko fiye. Wannan ne ya sa tsarin matakai ke da muhimmanci: a gwada miji da mata tare, a tantance wurin ƙarin da lambarsa, a cire wanda ya shiga kogo kafin a kashe kuɗin dashe, a bar na waje idan ba ya damun mace, na cikin bango kuma a auna shi da shekarunta, girmansa da tarihin cikinta.

Idan ciki ya shiga

Yawancin masu ƙari suna kai cikinsu ƙarshe lafiya. Wani lokaci ƙarin kan rasa isasshen jini a tsakiyar goyon ciki ya lalace daga ciki, ya jawo ciwo mai tsanani da ɗan zazzaɓi. Galibi hutu da maganin ciwo ne ke magance shi ba tiyata ba. Babban ƙari, ko wanda ke ƙasan mahaifa, yana ƙara yiwuwar kwanciyar jariri a karkace, haihuwa kafin lokaci, haihuwa ta tiyata, da zubar jini bayan haihuwa. Saboda haka ake son mai ƙari, da duk wadda aka taɓa yi wa aikin cire shi, ta fara awo da wuri, ta sanar da ma'aikatan lafiya tarihin aikinta, ta kuma haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini.